Injin da Taubashina Bai Ji Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Taubashina ya rasu wata Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar, kuma tun daga ranar ban zauna cikin mutane na ji daɗin zaman ba.

Lungunsu a Dala ba ya cin mota, don haka duk direban da ya zo gaisuwa sai ya bar a-kori-kurarsa a bakin titi ya tako da ƙafa. Motocin suka yi layi har wajen masu sayar da itace, wanda bai sani ba sai ya ce sabuwar tasha aka buɗe. An shimfiɗa tabarmi daga ƙofar zaure har jikin masallaci. Kowa ya zo, ya zauna, aka shafa addu'a, sai ya ɗauko magana guda, maganar kunne.

"Kai, an yi kunne a garin nan."

"Mutumin da zai ji mota tun tana shigowa Ƙofar Na'isa ya gaya maka abin da ke cin ta."

Wani ƙato mai dakon siminti ya rufe fuska da hularsa yana kuka, kafaɗunsa na rawa, aka rasa mai rarrashinsa. Shi na yarda da kukansa. Amma akwai wani mai dakon katako, wanda na san ya yi shekaru bai kai wa marigayi mota tsakani da Allah ba, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce, "Har ya koma ga Ubangijinsa kunnen nan bai taɓa yin ƙarya ba." Na zuba masa ido har sai da ya sunkuya ya shiga gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ni kuwa ba wanda ya matso kusa da ni. A miƙo mini hannu a gurguje, a ce ya haƙuri, a wuce. Amma nawa kunnen da sauransa, na ji abin da ake faɗa a bayana.

"Shi ne fa ya gaya masa."

"Ai tun daga ranar bai ƙara lafiya ba."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. A unguwa ana cewa da bakina na kashe ɗan'uwana, kuma matarsa tana cikin masu faɗa. Ba na so a tuna da shi da yabon ƙarya, ba na kuma so a tuna da ni a matsayin wanda ya karya shi. Zan faɗi yadda yake da yadda aka yi, sannan kowa ya yanke abin da ya ga dama.

Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma taubasantaka ba ta san girma ba. Gari duk Baba ake ce masa, manyan direbobi masu furfura su rusuna su gaishe shi, ni kaɗai nake iya tsayawa a kansa a gaban jama'a in ce, "Bawana, an tashi lafiya?" Shi kuma ba ya ko ɗago kai daga cikin inji zai ce, "Ɗan mace, wa ya kwance ka da sassafe?" Iyayenmu da sanda suka tashi, a bayan shanu. Da shanun suka ƙare aka shigo birni, shi ya faɗa ƙarfe, ni na faɗa sitiyari. Kayan gwari nake ɗaukowa daga kasuwannin ƙauye, wani lokaci awaki, kuma duk motar da na taɓa riƙewa ta hannunsa ta bi.

Garejinsa ba gini ba ne. Gindin darbejiya ne a jikin ganuwa, wajen Ƙofar Na'isa, da bututun ƙarfe uku da aka haɗa kawunansu, sarƙa na reto a tsakiya. Da wannan sarƙar yake zare inji daga cikin mota ya zura wani. A-kori-kura kaɗai yake taɓawa. In mai ƙatuwar mota ya zo sai ya nuna masa hanya ya ce, "Alhaji, wuce gaba wajen masu fararen riguna. Ni motar da ke ciyar da gida nake gyarawa."

Ba ya yarda mutum ya sayo inji ya kawo masa. Tare za ku je kasuwar 'yan Beljiyam, masu sayar da injunan kwance na ƙasar waje, kuma da farar safiya, kafin masu shaguna su tayar da komai. Yakan ce inji mai zafi maƙaryaci ne, sai da sanyinsa yake faɗin gaskiya. Zai fara kai bayan hannu jikin injin, in ya ji ɗumi ya juya ya tafi, ko ana kiransa ba ya waiwaye. In ya samu mai sanyi sai ya zaro ƙarfen awon mai, ya murza baƙin man tsakanin yatsu, ya sansana. Ya san dabarar zuba mai mai kauri don a danne ƙara. Daga nan a kawo batir da kwalbar fetur, a tayar da injin a ƙasa. Sai ya fito da wani dogon ƙarfe da yake yawo da shi, ya ɗora kansa ɗaya a jikin injin, ɗayan ya manna a kunne, ya lumshe ido. Ya matsa sama, ya matsa ƙasa. Kasuwar nan mai hayaniya, amma masu shaguna da kansu suke tsawata wa mutane a yi shiru. In ya buɗe ido ya ce "ɗauka," ka ɗauka. In ya ce "mu je," ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Sau da yawa injin da aka samo ba na irin motar ba ne. Nan gwanintarsa take. Zai yanke mazaunin inji ya sake masa walda, ya sassaƙa, ya gwada, ya sauke, ya sake ɗagawa, har sai inji da giya sun haɗu kamar tare aka ƙera su. Ba ya gaggawa, ba ya kuma son mai gaggawa. In ya gama ba ya sallamar ka a gindin bishiya. Sai an loda wa motar yashi, ya cire takalmi ya shiga gaba, ku hau gangaren Goron Dutse. Yakan ce mota ba kaya kowa ma lafiyayye ne.

Yana da faɗa, kada a ce na ɓoye. Na ga ranar da wani matashi mai rabon ruwan leda ya zo yana so a ɗora masa babban inji, wai motarsa ba ta gudu.

Taubashina ya ce masa, "Za ka sake birki?"

"Baba, birkin lafiya lau yake. Injin kawai."

"Birkin ƙaramin inji ne da ita. In na ba ka gudu ban ba ka tsayawa ba, wa zai amsa tambaya in ka hau 'ya'yan mutane? Ni ko kai?"

Matashin ya ce ai da kuɗinsa ya zo. Taubashina ya ajiye sifana, ya kama shi da faɗa tun daga kakansa, wanda ya sani, har ya biyo shi bakin titi yana yi. Sai da na janye shi. Na ce, "Bawana, ka kori ciniki." Ya ce, "Na kori gawa dai."

Amma mutumin nan mai faɗa yana da wata tsohuwar a-kori-kura tasa ta kansa, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta, fenti kala uku. Ba ya aiki da ita. Ajiye take don direban da aka sauke wa inji, saboda ya san ranar da mota ta kwana a gareji ranar tukunya ba ta hau wuta a wani gida ba. Zai jefa maka makulli ya ce ka dawo da ita da man da ka same ta. Sunanta Gwaggo. Sunan mahaifiyata ya sa mata don ya tsokane ni, wai tana da mita amma ba ta taɓa barin mutum a hanya ba. Mai dakon simintin nan da ke kuka a wurin makoki, damina guda cur ya yi yana ci da iyalinsa a bayan Gwaggo, kuma ko sau ɗaya ba a tambaye shi yaushe zai dawo da ita ba.

Kunnen a hankali ya tafi. Da farko sai an maimaita masa magana. Daga baya na lura ya daina juyowa in mota ta shigo, sai inuwarta ta faɗo a gabansa. Babban ɗansa, wanda ya tashi a garejin har ya zama cikakken bakanike da nasa iyali, shi ya fara ganewa. Wata rana uban ya ɗora ƙarfe a jikin wani inji ya ce lafiyayye ne, alhali wanda ke tsallaken titi ma yana jin ƙarar. A gidanmu ɗan fari ko sunan ubansa ba ya kamawa, ina zai iya duban idonsa ya ce Baba ba ka ji daidai ba? Sai ya bi mai motar a baya ya ce ya zagayo ta bayan ganuwa da yamma.

Haka abin ya fara, haka kuma ya zauna. Direba zai kawo mota, ya rusuna, Baba ya ɗora ƙarfe, ya lumshe ido, ya yanke hukunci, kowa ya gyaɗa kai a ce haka ne. Sannan a zagaya baya a yi aikin gaskiya. In za a je kasuwa, ɗan zai riga su zuwa ya zaɓi inji, ya haɗa baki da mai shago a turo shi gaba, sauran a ce an sayar. Direbobi sun sani, masu shaguna sun sani, mai shayin bakin titi ya sani. Gari guda aka taru ana yi wa mutum ɗaya kara, kowa kuma yana ganin lada yake samu.

Ɗan ya same ni har gida ya roƙe ni. Ya ce, "Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Garejin nan shi ne ransa." Na ce na ji. Amma abin yana ci na. Duk ranar da na ga mutumin da ya kori matashi har titi saboda birki yana lumshe ido a kan injin da aka riga aka zaɓa masa, ƙananan direbobi na ƙunshe dariya a bayansa, sai in ji kamar ni ake yi wa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Na fara da wasa, tunda ita ce ƙofar da al'ada ta bar mini. Na ce, "Bawana, kunnuwan nan naka fa sun zama na ado, sai dai a rataya musu ɗan kunne." Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ɗan mace ba ya rabo da hassada. Na sake, na sake. Nan na gane tarkon da nake ciki. Ni kaɗai ne aka yarda in faɗa masa komai, kuma saboda haka duk abin da na faɗa wasa ne.

Sai wata rana na same shi a zaure shi kaɗai. Na zauna kusa, na ɗaga murya yadda zai ji, ban kira shi bawana ba. Na ce, "Yaya, ba wasa na zo yi ba. Jinka ya ragu ƙwarai. Ka je asibiti a duba, ka kuma bar wa yaron nan sauraron inji."

Ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "Wasa yana da iyaka. Tashi ka ba ni wuri."

Tun muna yara bai taɓa korata ba sai ranar. Watanni muka yi in na gaishe shi ya amsa a daƙile, ba ɗan mace, ba wa ya kwance ka. Na ji zafin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa. Matarsa, wadda nake kira Yaya tun ranar da aka kawo ta gidan, ta aiko a gaya mini wai in ba ni da abin faɗa in riƙa yin salati.

Ana cikin haka injin motata ya buga a hanyar dawowa daga kasuwar ƙauye, da kwandunan tumatir a baya. Aka jawo ni gari. Ban kai masa ba, ban kuma kai wa ɗansa ba, ina ta jan ƙafa. Sai ga saƙo daga taubashina, wai in zo gobe da sassafe mu je kasuwa, ni da shi kawai. Ya hana a gaya wa ɗansa. Na san abin da yake nufi. So yake ya nuna mini.

Mai shagon da muka shiga baƙo ne a kasuwar, bai san tsarin da ake yi ba, ya dai ga tsoho da ƙarfe. Taubashina ya taɓa injin ya ji sanyi, ya murza mai, ya sansana, duk yadda ya saba. Aka tayar. Ya ɗora ƙarfe, ya lumshe ido. Ni da nake tsaye a gefe na ji wani ɗan ƙwas-ƙwas can ƙasa, siriri, yana zuwa yana ɓacewa. Ba bakanike ba ne ni, amma wanda ya tsufa a kan sitiyari ya san wannan ƙarar.

Ya buɗe ido ya ce, "Ɗauka."

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Akwai ƙara a ƙasa."

Ya juyo a gaban mai shago da duk wanda ke wurin ya ce, "Sitiyari ne naka. In ka fi ni sani, ga ƙarfen."

Ya miƙo mini. Ban karɓa ba. Na biya, aka ɗora injin a bayan Gwaggo. Har yau ban sani ba, kara na yi masa ni ma kamar kowa, ko kuwa rami na bar shi ya faɗa don a ce gaskiyata ce. Na juya wannan tambayar a raina har na gaji.

Shi ya yi aikin da hannunsa, ɗan sai dai ya ja sarƙa ya miƙa sifana, fuskarsa kamar wanda aka yi wa mutuwa, don shi ma ya ji ƙarar tun tayarwar farko. Aikin hannu kuwa ba abin da ya ragu. Waldar nan kamar zane, kowane noti a mazauninsa. Da aka gama aka loda yashi, ya cire takalmi ya shiga gaba, muka nufi Goron Dutse.

A kan shimfiɗaɗɗen titi ba laifi. Da muka fara hawa na taka mai, kaya suka danne ta, sai ƙarar ta fito fili, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Na saci kallonsa. Kunnensa bai ji komai ba, amma tafin ƙafarsa yana kan ƙarfen mota. Na ga ya ɗaga ƙafar ya sake ajiyewa. Ya kai tafin hannu ya dafa gaban motar.

Ya ce, "Tsaya. Kada ka kashe."

Ya sauka ba takalmi, ya buɗe gaban motar, ya ɗora ƙarfensa can ƙasa. Ya manna a kunnen dama, ya mayar hagu. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya kai ƙarshen ƙarfen bakinsa ya cije da haƙori. Na ga haɓarsa tana karkarwa tare da bugun injin. Ya daɗe a haka, masu adaidaita suna ta yi mana ham suna zagaye mu.

Da ya ɗago ya ce, "A kasuwa ma haka yake yi?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe nake haka?"

Ga inda ake kama ni da laifi. Ina iya cewa yau ne kawai, mai shago ne ya yi mana dabara, kowa yana kuskure. Da ya karɓa, don yana so ya karɓa, na gani a idonsa. Amma ya tambaye ni, kuma bai kira ni ɗan mace ba. Na gaya masa shekaru ne. Na gaya masa zancen bayan ganuwa, da zaɓen inji kafin ya iso, da gyaɗa kan da ake yi masa. A bakin titi, da ƙarfi, don ba ya jin magana a hankali.

Ya ce, "Kowa ya sani?"

Na ce, "Kowa."

Ya shiga mota ya sa takalminsa. Muka sauko. A bakin lungunsu ya ce in sauke shi, ya shige, ƙarfen a hannunsa yana jan ƙasa.

Bai sake taka garejin ba. Zaure ya koma. Ɗan ya ce mini kullum sai uban ya kira shi ya tambaye shi motoci ɗaya bayan ɗaya: ta mai gawayi da na ce lafiya take, ina ta ƙare? Ta wane da na sallama, ba ta yi ɓarna a hanya ba? Ɗan ya riƙa kwantar masa da hankali cewa duk an bi su an gyara tun a lokacin, ba wadda ta cutar da kowa. Ya zaci daɗi zai ji. Sai uban ya ce, "Ashe duk shekarun nan zama kawai nake yi." Abinci ya ragu, magana ta ragu. Na je sau da yawa, a ce mini yana barci. Ciwon da ya kwantar da shi a ƙarshe ba wani babba ba ne, irin wanda da can zai kwana biyu ya miƙe.

Bayan addu'ar uku na shiga cikin gida in yi wa matarsa gaisuwa. Tana bayan labule, cikin takaba. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Yaya, ya haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Ka samu abin da kake so?"

Na ce, "Yaya, tambayata ya yi."

Ta ce, "Ni ban ce ƙarya ka yi ba. Amma kai ka faɗi gaskiyarka ka hau motarka ka tafi kasuwa. Ni aka bari da shi. Ni na zauna ina kallon mutumin da ke fita da asuba yana waƙa ya koma kallon bango. In kai masa tuwo ya ce in ba yara. Shekara nawa suka rage masa da ba za ka bar shi ya ƙarasa da farin cikinsa ba?"

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Na san irin wannan amsar, ba yafiya ba ce.

Duk wannan lokacin injin yana cikin motata. Ina lallaɓa shi, rabin kaya, ba gudu, ƙarar na ƙaruwa. Na kasa kai shi a cire. A duk Kano motata ce kaɗai ke ɗauke da aikin da ya yi shi kaɗai a shekarunsa na ƙarshe, ba wanda ya bi bayansa ya gyara, kuma aikin da ya faɗi ne. In ya buga a hanya, masu yabon kunne a kan tabarma su ne za su fara cewa ga aikin ƙarshe na Baba.

Da aka share makoki ɗan ya zo ya same ni. Ya rame. Ya ce in kawo motar, ya riga ya samo wani injin, shi ya saurare shi da kansa. Na ce a bari tukuna. Ya ce, "Ba ni na ce ba, Baba. Wasiyya ce. Ya ce kada a bar ka kana yawo da kuskurensa."

Washegari na kai ta gindin darbejiya. Muna tsaye ana kwance notuna na daure na tambaye shi abin da ya hana ni barci. Na ce, "Bai ce komai a kaina ba?"

Ya ci gaba da murza sifana. Can ya ce, "Ya ce."

"Faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ka gyara."

"Ya ce in gaya wa ɗan mace ya makara. Ya ce mu yaransa ne, dole mu ji kunyarsa, direbobi kuma baƙi ne. Amma kai da Allah ya ba ka bakin faɗa masa komai, ka zauna shekaru kana kallo ana wasa da shi kafin ka buɗe baki da gaske. Ya ce wannan ne bai gama hucewa a kai ba."

Na nemi wuri a kan wata tsohuwar taya na zauna. Matarsa ta ce na faɗa da yawa, shi ya ce na faɗa a makare, kuma dukkansu ba wanda zan iya komawa in yi wa bayani. Amma ya kira ni ɗan mace. Wannan na riƙe, da shi nake kwana.

Allah ya jiƙanka, ɗan kawuna. Allah ya sa gidajen da Gwaggo ta ciyar su tsaya maka, ya sa rayukan da faɗanka ya tsare a kan titi su zama shaidarka, ya haskaka kabarinka, ya ba matarka haƙurin da ni na kasa ba ta. In ka huce, ka yafe mini jinkirin.

Aka ja sarƙa, injin ya taso daga cikin motar yana ɗigar baƙin mai. Ina kallonsa sai wani tsoro ya kama ni. Idona ya fara yana, da yamma fitilun motoci sukan rabe mini biyu, ban taɓa gaya wa kowa ba. Mutum ɗaya ne a duniya da zai iya tsayawa a kaina ya ce in sauka daga sitiyari, shi ne muka binne.

Na kira ɗan. Na ce, "Zan roƙe ka abu ɗaya. Ranar da ka ga tuƙina ya fara lalacewa, ka zo ka gaya mini a fuskata. Kada ku yi mini abin da muka yi masa."

Ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

Bai dube ni ba. Ya sunkuya yana goge sifana da tsumma, ya daɗe yana gogewa, ita kuwa ba datti a jikinta.